Sana'ar Ba da Shawara kan Ciniki a Washington

A birnin Washington ne hedikwatar Bankin Duniya da ta Asusun Ba da Lamuni na Duniya suke, kuma a kewayensu ne kamfanonin ba da shawara irin su Chemonics da DAI suka kafu, suna karɓar kwangila daga masu ba da tallafi domin tura ƙwararru zuwa ƙasashe masu tasowa.

Wani ɓangare na aikinsu shi ne ƙarfafa ikon ciniki, wato gyara dokokin kwastan, da rage jinkirin kaya a kan iyaka, da koya wa masu fitar da man kaɗanya ko riɗi yadda za su cika sharuɗɗan inganci. Dokar AGOA ta 2000, wadda ta ɗauke haraji daga dubban kayayyakin Afirka masu shiga Amurka, ta bayyana buƙatar hakan, domin buɗe kasuwa bai wadatar ba muddin babu kayan da suka cika ƙa'ida. Misali, ɗanyen mai ne ya mamaye abin da Nijeriya ta sayar a ƙarƙashinta. Raunin wannan sana'a kuwa shi ne dogaro da kuɗin gwamnati, shi ya sa rushe hukumar ba da tallafi ta Amurka, USAID, a 2025 ya tilasta wa kamfanonin sallamar ma'aikata masu yawa.