Daga Zanen Birni Zuwa Wayar Salula

Shirinmu na musamman na yau yana zuwa muku ne daga unguwar Birni a Damagaram, kuma zai duba yadda siffar abu ke shiga ran mutum tun kafin ya san amfaninsa.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fadar Sarkin Damagaram, wadda aka gina a tsakiyar ƙarni na 19 zamanin Sarki Tanimun, ya san yadda murya kan ragu da kanta. Ba wanda ya ce a yi shiru. Kaurin bango da tsayin soro da dogarai cikin ja da kore su ke saka wa mutum kwarjinin wurin. Maginan Hausa da gangan suke yin haka. A babban gida za ka wuce zaure ka shiga wani, ƙofofin ba sa kallon juna, ba ka hango cikin gida, kana tafe kana karkata, kafin ka iso gaban mai gida jikinka ya riga ya yi sanyi.

Attajiran Birni da na Zango, waɗanda suka yi arziki da fatauci tsakanin Kano da Agadas har Turabulus, su kuma fuskar gida suka sa wa ido. Magini zai shafa laka, ya fitar da zane da hannu tun tana ɗanya, ya yi dagi, ya yi zankwaye a bisa, a bi da makuba ta kwasfar ɗorawa don kada ruwan sama ya ci bangon. Makuba ce ke tsare gida, zane kuwa ba ya tare ko ɗigon ruwa, amma mai gida kan buɗe bakin aljihu a kansa ba tare da ya ji ciwo ba, domin shi ke gaya wa mai wucewa ko wane ne a ciki. Wannan gado na cikin abin da ya sa Nijar ta miƙa sunan Birni da masarautar ga hukumar UNESCO a 2006.

To, yanzu mu leƙa Kasuwar Dole wajen masu sayar da salula. Tecno da itel sun cika tebura, dukansu na kamfanin Transsion ne na birnin Shenzhen a China. Araha ta taimaka musu, ba musu. Sai dai masu araha da yawa sun zo sun wuce. Su masu Tecno da itel sun zauna sun kalli mai saye. Sun ga yana yawo da layi biyu don kiran wani layin da tsada, suka yi wa wayar gurbin kati biyu. Wuta na ɗaukewa, suka sa batir mai jimiri da tocila. Sannan suka gyara kyamara ta riƙa fitar da fuskar baƙar fata sarai, maimakon duhun da wasu wayoyi ke bari a hoton biki. A ganina wannan na ƙarshe shi ya fi kama zuciya. Amarya ta ga kanta fes a hoto, me kuma za ka gaya mata game da wata waya?

Amma fa hikimar da ke sa mutum ya ji an girmama shi, ita ce kan iya ɗaure shi. Jar alamar nan da ke fitowa a kan Facebook, da bidiyon TikTok da ba ya ƙarewa komai yawan jan yatsa, duk an tsara su ne don kada ka ajiye waya. Iyaye sun fi kowa sanin ƙarfe nawa 'ya'yansu ke barci yanzu.

A Birni kuwa siminti da kwano suna ta maye gurbin tubali da azara. Ɗakin kwano da rani ba sai an ba ku labari ba, kuma bangonsa shafe yake, bai ce wa kowa komai. Maginan da suka iya zanen hannu suna tsufa, yaransu sun koma buga bulo.

Saboda haka, mai shirin gini a Damagaram, kafin ka sayi buhun siminti na farko, nemi tsohon magini ku yi shawara, ko da fuskar zaure kaɗai zai zana maka.