Itace Nawa Gida Ɗaya Ke Ƙonawa Kafin Sanyin Turai Ya Wuce?

Duk shekara idan iskar hunturu ta fara kaɗawa, sai tsofaffin hotunan nan na 2022 su sake yawo a wayoyin mutane: Turawa a layi gaban wurin sayar da itace, wani na tura baro cike da faskare, wata tsohuwa na jera guntaye a jikin bango. Daga nan musu ya kaure a majalisu da teburin mai shayi. Wasu na cewa abin bai taka kara ya karya ba, kura biyu ko uku ta ishi gida har sanyi ya wuce. Wasu kuma sun rantse gida ɗaya na lashe daji guda, kuma nan gaba kaɗan namu dazuzzukan za a zo a kwashe a kai musu. Duka ɓangarorin da sanyinmu suke awon sanyin can, shi ya sa lissafin ya ƙi fita.

Mu a nan jiki muke ɗumamawa. A hura wuta da asuba, a kewaye ta, rana na fitowa a watse, kuma ko muku-mukun ya yi tsanani makonni ne. A Jamus ko Folan ko Kanada ginin ne gaba ɗaya ake ɗumamawa, dare da rana, tun daga Oktoba har wajen Afrilu. Wanda ya bar gidansa ya huce a tsakiyar Janairu, ruwan da ke cikin bututun famfo zai daskare ya fasa bututun.

Abin da ya jawo rububin 2022 sananne ne. Rasha ta kutsa Yukren a watan Fabrairu, alhali fiye da rabin iskar gas ɗin da Jamus ke saye daga Rasha take zuwa, kuma kusan rabin gidajen ƙasar da gas ake ɗumama su. Zuwa ƙarshen Agusta bututun Nord Stream, mai kawo gas ɗin Rasha, ya daina kawo komai. Jamus na da murahun itace na cikin ɗaki kimanin miliyan 11, da yawa an ajiye su ne don sha'awa, sai ga shi dare ɗaya kowa ya tuna da nasa. Hukumar ƙididdiga ta ƙasar ta nuna cewa a Agustan 2022 farashin itacen wuta da dunƙulallen garin katako ya haura na Agustan 2021 da kusan kashi 86 cikin 100.

To nawa ake ƙonawa? A Amurka da Kanada ma'aunin itace shi ne kod: tsibi jerarre mai tsawon ƙafa 8, faɗin ƙafa 4, tsayin ƙafa 4, wato kubik mita 3.6 da ɗoriya. A jihohin arewa masu tsananin sanyi irin su Men da Bamont, gidan da ya dogara da itace yakan ci kod 3 zuwa 5 a sanyi ɗaya. Faransawa da siter suke awo, tsibin mita ɗaya ta kowace fuska, kuma masu karatu a Nijar sun san shi domin da shi ake awo a kasuwannin itace na karkara.

Ana iya bin lissafin da yunit ɗin da mitar lantarki ke ƙirgawa. Ɗauki gidan iyali ɗaya a Jamus da ke buƙatar zafi na yunit 20,000 a shekara, wanda ba baƙon adadi ba ne a can. Kilo ɗaya na busasshen itace na ɗauke da yunit 4. Murhu mai kyau na mayar da kusan kashi 80 cikin 100 na wannan zuwa ɗumin ɗaki. Ke nan ana buƙatar itace mai yunit 25,000, wato tan 6 da 'yan kai. Idan itacen bic ne, wanda Jamusawa suka fi so, siter 12 zuwa 13 ke nan: katangar faskare mai tsawon mita 6, tsayin mita 2, kaurin mita 1. Wannan ya yi wa kura uku nisa, amma kuma ba daji ba ne.

Sai dai adadin ba ya tsayawa wuri ɗaya, kuma gidan kansa ne ke fara motsa shi. Tsohon ginin da zafi ke zurarewa ta bango da rufi da tagogi na iya cin yunit 200 ko fiye a kan kowace murabba'in mita a shekara. Akwai kuma tsarin gini mai kulle zafi da aka fara gwadawa a birnin Damshitat na Jamus cikin 1991, wanda ƙa'idarsa yunit 15 ce kacal. Gida mai murabba'in mita 150 na irin na farko zai nemi yunit 30,000, na biyun 2,250. Ɗaya na buƙatar siter kusan 19, ɗaya bai kai 2 ba, alhali suna iya zama a layi ɗaya, sanyi ɗaya na dukansu.

Murhu ma haka. Buɗaɗɗen murhun bango da ake gani a fina-finai, wuta na ci mutane na zaune a gabanta, kashi 10 zuwa 20 cikin 100 kawai yake bai wa ɗaki, sauran ya bi bututun hayaƙi, har ma yana zuƙe iskar ɗakin da ta riga ta yi ɗumi. Rufaffen murhun ƙarfe na zamani na ba da kashi 70 zuwa 80. Mutanen Finlan da Rasha sun daɗe da gina katafaren murhun bulo wanda ake hura wa wuta mai ƙarfi sau ɗaya ko biyu a yini, bulon ya sha zafin ya riƙa sakinsa a hankali har gari ya waye. Batun irin bishiya kuwa duk mai tuwo-tuwo ta san shi: ɗaurin marke ko ƙirya ba ɗaya yake da ɗaurin rimi ba. Kilo da kilo, busassun itatuwa kusan zafi ɗaya suke bayarwa, bambancin a nauyi yake. Siter ɗin bic ko ok ya kai yunit 2,000, na sifurus mai sauƙi bai wuce 1,500 ba.

Amma abin da ya fi damuna, wanda ake faɗa a can ake kuma faɗa a nan, shi ne wai ɗanyen itace ya fi auki. Za ka ji mutum da gaskiyarsa yana cewa busasshe saurin cinyewa gare shi, gara a cusa ɗanye ko mai ɗan laima domin ya kwana yana ci. Gaskiya ne yana daɗewa a murhu. Tambayar ita ce me yake yi a tsawon lokacin.

Bishiyar da aka sara yau, kusan rabin nauyinta ruwa ne. Gungume mai kilo 10, kilo 5 itace, lita 5 ruwa. Wanda ya saye shi a kan nauyi kamar wanda ya sayi ƙwaryar nono ne aka tsarma masa ruwa rabi da rabi, sai dai shi nono ana shanye shi da ruwan, shi kuwa itace ba zai yi maka aiki ba sai ka fara ƙone wani sashe nasa wajen tafasa ruwan ya fice. Shi ya sa kilon ɗanye ke ba da yunit 2 inda busasshe ke ba da 4.

Ba nan babbar asarar take ba ma. Idan aka bi lissafi, korar lita 5 ɗin nan wajen yunit 3 da rabi kawai take ci. Ɓarnar tana faruwa ne a cikin harshen wutar. Itace ba ya kamawa kai tsaye. Zafi ne ke fara dafa shi ya saki iskar gas iri-iri, su ne ke kamawa su zama harshen da muke gani, kuma fiye da rabin ƙarfin itacen a cikinsu yake. Kafin su ƙone sarai suna buƙatar zafin da ya kai wajen digiri 600. Tururin da ke fita daga ɗanyen gungume yana sanyaya cikin murhun, zafin ya kasa kaiwa can, iskar ta fice ba ta ƙone ba. Ita ce muke kira hayaƙi. Duk farin hayaƙi mai kauri da ya tashi daga bututu, makamashi ne da aka biya kuɗinsa yake tafiya sama.

Mai lura zai ga abin da idonsa. Sa ɗanyen faskare a wuta ka duba bakinsa: kumfa za ta riƙa tsattsafowa tana tsuwa, ɓawon ya yi baƙi ba tare da ya kama ba, gilashin murhun ya dushe da kunkunniya. Busasshe kuwa bakinsa a tsattsage yake, ya yi sauƙi a hannu, idan ka gwara biyu sai su yi ƙara ƙwal, ɗanye kuma ya yi dum. Masu sayarwa a Turai suna da 'yar na'ura mai allura biyu: a fasa gungume, a soka allurar a tsakiyar sabon fashin, lamba ta fito. Abin da ake nema shi ne ƙasa da kashi 20 cikin 100.

Hayaƙin nan kuma ba ya tafiya salin-alin. Yana isa sashen bututu mai sanyi sai ya daskare ya zama wani baƙin abu mai danƙo kamar kwalta, ya yi ta taruwa, ranar da wuta mai ƙarfi ta laso shi bututun kansa ya kama. Gobarar gidaje da yawa a ƙasashen sanyi daga nan take tashi, kuma yana cikin dalilan da suka sa doka a Jamus ta tilasta mai sharar bututu ya riƙa zuwa dubawa. Hayaƙin da ya tsallake bututun kuma ya zama ƙananan ƙwayoyin da ke ratsa huhu su shiga jini. Shi ya sa Ingila ta hana sayar da jiƙaƙƙen itace a ƙananan ma'auni, ƙasa da kubik mita 2, tun Mayun 2021. Birnin Kirakof na Folan ya haramta ƙona kwal da itace a gidaje tun Satumban 2019.

Bushewa lokaci take ci. A yanayin Turai, fayin da sifurus na buƙatar shekara guda bayan an faskara su, bic kusan biyu, ok ma yakan wuce haka. A jera shi a kan katako kada ya taɓa ƙasa, a rufe samansa, a bar gefe a buɗe iska ta ratsa. Ke nan magidancin da ke cin siter 12 a shekara, wurin ajiyar 24 ko 36 yake buƙata, domin na bana tun bara waccan aka sare shi. Wannan ne sirrin dogayen jerin faskaren da ake gani ƙarƙashin indararo a ƙauyukan Ostiriya da Nowe. Mutanen Nowe sun ɗauki abin da muhimmanci har gidan talabijin na ƙasar ya yi shirin awa 12 a kan itacen wuta a Fabrairun 2013.

Da wannan ya kamata a auna abin da wasu hukumomi suka yi a 2022. A watan Agusta gwamnatin Hangari ta hana fitar da itacen wuta waje, ta kuma sassauta dokokin saran daji har a wuraren da aka keɓe, sai da mutane suka fito zanga-zanga a Budafes kafin ta ja da baya a wani sashe. Romaniya, inda miliyoyin gidaje suka dogara da itace, ta ƙayyade farashi a watan Oktoba, 'yan kasuwa da dama suka janye hajarsu. A Folan, jagoran jam'iyya mai mulki a lokacin, Yaroslaf Kacinski, ya shaida wa jama'a a Satumba cewa su ƙona duk abin da suka samu ban da tayoyi. Ina jin tausayin talakan da ke tsoron sanyi, kuma ba na ganin laifinsa. Amma jami'in da ya buɗe daji a watan Agusta yana da masana a ofishinsa da suka san bishiyar da aka kayar a Satumba ba za ta bushe kafin Disamba ba. An yi asarar bishiyar, an cika gari da hayaƙi, ɗakin kuma bai yi ɗumin da aka yi alkawari ba. Kuɗin da aka kashe wajen toshe rufi da tagogin tsofaffin gidaje ne zai rage tsibin itacen kowace shekara, sai dai aikin ba ya ƙarewa kafin zaɓe. Abin da ya fi taimakon Turai a ƙarshe shi ne sanyin shekarar ya zo da sauƙi, an kuma cika rumbunan gas daga wasu ƙasashe.

Su kuma masu fargabar za a kwashe dazuzzukanmu, faskare kaya ne mai nauyi da arha, ba ya biyan kuɗin jirgin ruwa daga nan. Abin da ke fita daga Najeriya zuwa Turai gawayi ne, kuma akasarinsa gashin nama ake yi da shi lokacin zafi. Ɓarna ce ta gaske, amma ba ta da alaƙa da ɗumama ɗaki. Abin da ya haɗa mu da su shi ne wutar kanta. Murhunmu na duwatsu uku ɗan kaɗan yake kai wa tukunya, sauran zafin ya watse ta gefe, kuma matar da ke tsugune tana fifita jiƙaƙƙen itace da damina ita ce ke shaƙar abin da bututu ke fitar wa Bature waje. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutum kimanin miliyan 3.2 a 2020.

Kaskon garwashin da ake shiga da shi ɗaki a hunturu ya fi wannan haɗari, domin ba ya hayaƙin da zai kori mutum. Idan aka rufe ƙofa da taga, garwashin na sakin iskar kabon monoksaid, marar launi marar wari, wadda ke kama jini ta hana shi ɗaukar iskar numfashi. Tana farawa da ciwon kai da jiri da kasala, mai barci kuwa ba ya jin ko ɗaya. Duk ɗakin da kasko ya shiga, a bar taga a buɗe, kuma a fitar da shi tsakar gida kafin a kwanta.