Wanda Ya Fito Daga Daji Ba Wa'azi Yake Jira Ba

Akwai wata ɗabi'a da ta samu gindin zama a ikilisiyoyinmu na Dutsin-Ma da Kurfi da ƙauyukan da ke kewaye, na kuwa gaji da ganinta. Da zarar an ce wane ya kuɓuta daga hannun masu garkuwa da mutane, ko wance ta rasa maigida a harin 'yan bindiga, sai gida ya cika maƙil. Zuwan ba laifi, zumunta a ƙafa take. Abin da ake yi bayan an zauna shi ne abin takaici. Wannan ya ce a ba shi labari tun daga daren da aka shigo gari, wancan ya iso daga baya ya ce a maimaita masa, wata ta buɗe aya ta kafa wa'azi, wani kuma ya gyara murya ya ce, "Ɗan'uwa, ka binciki kanka, Allah ba ya barin abu ya faru haka kawai." Kafin Lahadi ta zagayo an riga an sa sunan bawan Allah a tsarin sujada, wai zai fito gaba ya ba da shaida, alhali kumburin ƙafarsa na tafiyar daji ko sauka bai yi ba.

Duk wanda ke zaune a ƙasar da ta yi maƙwabtaka da dajin Rugu ya san halin da ake ciki. A Disambar 2020 aka kwashi ɗalibai fiye da 300 a makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. A Janairun 2023 aka shiga majami'a a Gidan Haruna, can ƙasar Ƙanƙara, aka tafi da masu sujada. A Oktoban shekarar aka ɗauki ɗalibai mata biyar na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma daga gidan da suke haya a cikin gari. Waɗannan su ne suka shiga jarida. Na ƙauyukan Kurfi da Safana da Ɓatsari da Ɗanmusa, waɗanda dangi ke sayar da shanu da gona su karɓo su a ɓoye, Allah kaɗai ya san adadinsu. Kowane ɗayansu kuwa gida zai dawo, kuma fuskokin da zai fara gani na maƙwabta ne da 'yan Zumuntar Mata da dattawan ikilisiya. Fasto ko mai bishara ɗaya da ke zagaya ƙauyuka da yawa a kan babur ba zai iya zama da kowa ba.

Abin da nake kira a kai shi ne a zaɓi wasu daga cikin masu bi, manomi ne ko malamar makaranta ko mai sayar da hatsi, a koya musu yadda ake zama da wanda ke cikin baƙin ciki ba tare da an ƙara masa ciwo ba. Ba sabon abu ba ne. A Ayyukan Manzanni sura 6, da aka yi gunaguni ana mantawa da wasu gwauraye wajen rabon abinci, mutum bakwai aka zaɓa daga cikin jama'a, har da Istifanus, aka danƙa musu aikin.

Amma kafin a koya wa kowa komai, dole a tumɓuke wannan tunani na cewa masifa alamar zunubi ce ko raunin bangaskiya. Ban san inda muka samo shi ba, don Littafi Mai Tsarkin da muke riƙe da shi ya yi ta rushe shi. Littafi guda sukutum, na Ayuba, a kan wannan batu yake. Abokansa uku, Elifaz da Bildad da Zofar, sun zo suka zauna tare da shi a ƙasa kwana bakwai ba wanda ya ce uffan, kuma iyakar abin kirkin da suka yi ke nan. Da suka buɗe baki sai suka shiga nemo masa laifin da ya jawo masa asarar 'ya'ya da dukiya da lafiya. A sura 42 Allah ya husata da su, har sai da Ayuban da suke zargi ya yi musu addu'a. Mu kuwa muna karanta wannan a sujadar safe, da yamma mu je gidan makoki mu zama Elifaz.

A Luka sura 13 an kawo wa Yesu labarin Galilawan da Bilatus ya kashe, shi kuma ya ƙara da mutum 18 da hasumiya ta faɗa wa a Siluwam, ya kuma ƙaryata cewa sun fi sauran mutane zunubi. A Yohanna sura 9 almajirai sun so su san ko mutumin da aka haifa makaho ne ya yi laifi ko iyayensa, aka nuna musu tambayar tasu ce ba ta kan hanya. To, wa ya ba ni ko kai ikon da aka hana almajirai? A watan Mayun 2022 'yan bindiga suka shiga gidan limaman Katolika a Gidan Mai Kambu, ƙaramar hukumar Kafur, suka tafi da Fada Stephen Ojapah da Fada Oliver Okpara, suka riƙe su fiye da wata guda. Su ma rashin addu'a ne? Ɗan bindiga ba ya duba littafin baiko kafin ya ɓalle ƙofa. Gidan da ke bakin gari yake dubawa, da inda ya ji an sayar da amfanin gona.

Ƙanwar wannan kuskure ita ce hana kuka. "Mama, ki daina, kina nuna kamar ba ki da bege." Matar da aka harbe mijinta a gabanta ake faɗa wa haka! Yesu da kansa ya zubar da hawaye a kabarin Li'azaru, yana kuwa sane da abin da zai yi nan da ɗan lokaci. Zabura cike take da koke-koke, wasu ma har da tuhumar Allah a kan ya yi nisa. Idan aka toshe wa mutum kuka, baƙin cikin ba ya tafiya ko'ina. Sai ya dawo ta rashin barci, ta saurin fushi da yara, ta ciwon kai da faɗuwar gaba, wani kuma ya faɗa shaye-shaye. Daga nan mu da muka hana shi kuka mu ne za mu fara cewa ya ja da baya, ko kuma aljanu ya kwaso a daji.

Mun iya horar da masu bi in mun ga dama. Tun shekarun 1960 ƙungiyar Sabon Rai Don Kowa ta koya wa talakawan ikilisiya fita bishara biyu-biyu, har yau kuma ana cin moriyar abin. Tun kafin nan, a ƙarshen shekarun 1930, mishan ta SIM ta fara aikin kutare a Babbar Ruga kusa da Katsina, inda 'yan ƙasa, har da waɗanda suka warke, suka koyi wanke miki da ɗaure shi. Magana mun koya, wa'azi mun koya, sauraro ne aka bar mu a baya. Talauci da ƙarancin ma'aikata suna nan, amma ba su ne suka sa mutum ya kasa riƙe bakinsa ba.

A wasu ƙasashe an gwada, an ga amfani. A birnin St. Louis na Amurka, a 1975, wani fasto masanin halayyar ɗan'adam mai suna Kenneth Haugk ya ga aikin ya fi ƙarfinsa, ya horar da mutum tara daga ikilisiyarsa. Tsarin nasa, Stephen Ministries, horon awa 50 yake bayarwa, sannan a haɗa mai kulawa da mutum ɗaya, namiji da namiji, mace da mace, su riƙa zama kamar awa guda a mako. A Zimbabuwe kuma likitan ƙwaƙwalwa Dixon Chibanda ya koya wa tsofaffin mata sauraron masu damuwa a kan benci a harabar asibiti. Binciken da aka wallafa a 2016 ya nuna bayan wata shida kimanin 14 cikin 100 ne kawai na waɗanda suka zauna da su ke da sauran alamun ciwon damuwa, a cikin waɗanda ba su zauna da su ba kuwa kusan rabi. A Nijeriya, inda likitocin ƙwaƙwalwa ba su kai 300 ba ga mutum sama da miliyan 200, wa muke jira?

Ga abin da ya kamata mai zuwa jaje ya sani. Ka fara da ciki da jiki. Annabi Iliya da ya gudu jeji har ya roƙi mutuwa, abinci da ruwa da barci aka fara ba shi kafin a yi masa wata magana. Ka zo da kunu ko fura, ka ɗebo ruwa, ka kai yara makaranta, matasa su taru su nome gonar da ta yi ciyawa. Wanda ya dawo daga daji a kai shi asibiti a duba shi ko da ya ce lafiyarsa ƙalau. In mace ce da aka ci zarafinta, gaggawa ake yi, don maganin kariya daga ƙwayar cutar HIV cikin awa 72 ake fara shan sa. Ko lokacin ya wuce a je, akwai sauran gwaji da magani. Mace 'yar'uwarta ce za ta raka ta, kuma maganar ta tsaya a tsakaninsu.

Kada ka tambayi abin da ya faru. In ya so faɗa, zai faɗa a ranar da ya shirya, kai kuma ka saurara ba katsewa, ba "ai ni ma lokacin da". Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagoran taimakon farko ga masu damuwa da ta fitar a 2011, ta yi gargaɗi a kan matsa wa mutum ya ba da labarin abin da ya same shi. "Sannu, Baba, muna tare da kai" ta isa. In ya ce, "Ina Allah yake lokacin da suke dukana?" kada ka yi tsalle ka kare Allah, ba ya bukatar lauya. Ka ce tambayar mai nauyi ce, ka ci gaba da zama. Addu'a kuwa a nemi izini, a yi ta gajeriya, ba a tara mutum goma ana ihu a kan wanda ƙarar babur kaɗai ke sa shi zabura ba.

Sai riƙon asiri, inda muka fi faɗuwa. Gulma da yawa da sunan "batun addu'a" take yawo. Abin da aka faɗa maka a ɗaki, in ya fito a taron zumunta ranar Talata ko a zauren WhatsApp, ka ci amana, ko da kuwa ka rufe da amin. Matan da suka dawo su suka fi shan wannan, har wani miji ya fara ƙyamar matarsa saboda raɗe-raɗin masu zuwa gaisuwa. Wannan aikin dattawa ne, su zaunar da shi su faɗa masa gaskiya, ita aka zalunta.

A koma bayan an watse. Makon farko kowa na zuwa, wata na biyu ba kowa, a lokacin ne kuwa bashin kuɗin fansa ke fara cizo, dare kuma ya yi tsawo. Mutum biyu su ɗauki gida ɗaya, su riƙa leƙawa kowane mako har wata shida. Haka in maƙwabcinka Musulmi ne abin ya shafa, ka je, kamar yadda shi ma yake zuwa naka.

Mai kulawa ya san iyakarsa. In an haura wata guda mutum na ta mugayen mafarkai, ba ya ci, ba ya fita, ko yana jin muryoyi, a nufi babban asibitin Dutsin-Ma ko na Kurfi, in ta kama su tura Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ko asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna. In ya fara cewa gara ya mutu ya huta, ka tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin. Kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da maganin ƙwari da na ɓera daga ɗakin, a nemi likita a ranar. Shan magani bai hana addu'a ba.

Baba Fasto, Uwar Zumunta, dattawa, ko ECWA kuke ko Angilika ko Baftis ko sabuwar Dayosis ɗin Katolika ta Katsina da aka kafa a 2023 ƙarƙashin Bishop Gerald Mamman Musa: ku zaɓi mutum huɗu ko shida masu riƙon baki a kowace ikilisiya, ku nemo ma'aikacin jinya daga cikin membobinku ya zauna da su 'yan Asabar kaɗan, ku kuma riƙa tambayarsu yadda su ma suke, don jin irin waɗannan labarai yana cin rai. Batun shaida a gaban jama'a kuma ku bar shi sai mai ita ya zo da ƙafarsa ya nema.