Abin da zafin bazara ke yi wa kaji daga ciki



Da zarar Maris da Afrilu sun kama, koke ɗaya nake ta ji: kaji na haki, ƙwai ya ragu, ɓawonsa ya yi laushi, ga mutuwa jifa-jifa, an ɗura maganin ƙwayoyin cuta amma shiru. To sau da yawa ba cuta ba ce ta fara kama su.

Kun ga yadda ƙarfe ke tsatsa in ya sha iska? Kusan haka ke faruwa a jikin kaza. Yayin da jiki ke ƙona abinci da iskar oksijin, wasu burbushin sinadarai masu ɓarna kan fito, suna cin ƙwayoyin halitta. Jiki na da masu kashe musu kaifi, su ake kira antiyoksidan, kamar bitamin C da bitamin E, siliniyam kuma na taya su aiki. Kaza ba ta gumi, sai dai haki. In zafi ya tsananta, masu ɓarnar nan sai su rinjayi masu tsaron, garkuwar jiki ta faɗi, daga nan kowace cuta ta samu ƙofa.

Kaza na haɗa bitamin C da kanta, amma cikin zafi ba ya isarta. Tarwaɗa kuwa sam ba ta iya haɗawa, sai daga abinci. Shi ya sa in ya yi ƙaranci za ka ga baya ya lanƙwashe ko kai ya tsage.

Inda muka fi cutar kanmu shi ne wajen ajiya. Ni ma na taɓa jibge buhunan abinci a ɗakin kwano don gudun tashin farashi, ashe ƙuli da garin kifin da ke ciki mai gare su. Man ya lalace, ya cinye bitamin E ɗin, tsaki suka riƙa tangaɗi suna kifewa. Yanzu sai na shinshina buhu kafin na biya. In na ji warin tsohon mai, ko kyauta ne ba na so.

Bitamin C ba ya jure zafi da hasken rana, don haka da sassafe nake haɗawa cikin ruwa mai sanyi, in canza da azahar. Siliniyam kuma kar a wuce abin da aka rubuta jikin leda, yawansa guba ne.