Sarrafa Harshe Wajen Neman Jarin Karo-karo

Gabatarwa

Jarin karo-karo shi ne kuɗin da mai sana'a yake tarawa daga hannun ɗimbin mutane ta intanet, kowa ya ba da gwargwadon ƙarfinsa. Fitaccen dandalin wannan harka shi ne Kickstarter, wanda aka kafa a Amurka a 2009. Ƙa'idarsa ita ce, in ba a kai adadin da aka nema ba kafin wa'adi ya cika, mai nema ba ya samun ko kwabo. Tun da yake galibi hajar ba ta wanzu ba tukuna, magana ce ake kasawa a faifai. Wannan maƙala za ta duba irin maganar da ke ci a wannan kasuwa.

Dabarun Jan Hankali

A 2014 Tanushree Mitra da Eric Gilbert na Cibiyar Fasaha ta Jojiya sun nazarci kalaman neman jari kimanin 45,000 a Kickstarter. Sun gano cewa masu nasara sukan yi amfani da harshen ba-ni-in-ba-ka, watau su fayyace tukuicin da mai ba da kuɗi zai samu. Haka kuma sukan nuna cewa wasu sun riga sun zuba nasu, domin mutum yakan bi sahun jama'a. Wata dabarar ita ce nuna ƙarancin haja ko ƙurewar lokaci, don mai karatu ya gaggauta.

Kalaman da suka fi rakiyar faɗuwa kuwa su ne na magiya da karaya, alal misali roƙon ko da dala ɗaya ce, ko kukan cewa an kasa yin abu kaza. Dalili a fili yake. Mai magiya ya ɗauki mai karatu a matsayin mai sadaka, alhali mai tayin tukuici ya mai da shi abokin ciniki.

Kammalawa

Sai dai daɗin baki ba ya ƙera haja. A 2014 kular sanyaya abin sha mai suna Coolest ta tara fiye da dala miliyan 13, amma kamfanin ya rufe a 2019, dubban mutane ba su karɓi tasu ba. Saboda haka wajibi ne mai ba da kuɗi ya auna ƙarfin mai alkawari kafin ya saki aljihunsa, domin Bahaushe ya ce alkawari kaya ne.