Dabbar Daji da Tuwon Gida: Wanne Za A Bari?



Ku tambayi duk wani dattijo a Karaye ko Rogo, zai gaya muku cewa a ƙuruciyarsa akan ci karo da gada da zomo da zabin daji a bayan gari. Yau ko ungulu, wadda da ba ta rabuwa da mahauta, ta yi wuyar gani. A 2015 ma masana suka sanya irin tamu cikin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa.

To laifin wa? Ba mu ce mai gawayi mugu ne ba, ko mafarauci, ko manomin da ya share daji. Kowa tuwon 'ya'yansa yake nema. Amma mai nema da kansa shi ne zai fara kuka. Dubi madatsar ruwan Challawa da aka kammala nan Karaye a 1992. Masuncin da ya ja gidan sauro maimakon koma, ko ya zuba guba a ruwa, ya kwashe karfasa da tarwaɗa har da 'ya'yansu. Baɗi me zai kama?

Hukuma takan keɓe daji don kare namun dawa, kamar dajin Falgore a kudancin Kano, wanda aka killace tun zamanin Turawa. Sai dai doka kaɗai ba ta tsare daji, muddin maƙwabtansa suna ganin an raba su da abincinsu ne.

Musulunci ya daɗe da sanin wannan. Keɓaɓɓen wuri shi ake kira "hima". Manzon Allah (SAW) ya keɓe Naƙi'u kusa da Madina. Sayyidina Umar (RA) kuwa, da ya naɗa bawansa Hunayyu mai gadin hima, sai ya umarce shi ya bar mai 'yan raƙuma da 'yan tumaki kaɗan ya shiga, ya tsare garkunan attajirai irin su Ibn Auf da Ibn Affan. Dalili? Su in dabbobinsu suka mutu suna da gonaki da dabino, shi kuwa talaka ba shi da madogara. Kun ga an kare wuri, ba a kashe talaka ba.

Maƙwabtanmu a Nijar sun gwada irin wannan. A yankin Kure, kusa da Yamai, raƙuman dawa sun ragu har suka koma kusan 50 a 1996. Ga su da ɓarnar wake a gona! Sai aka jawo mutanen ƙauyuka a jiki: aka haƙa musu rijiyoyi, aka ba su rance, samarinsu suka zama 'yan rakiyar baƙi masu zuwa kallo. Da raƙumin dawa ya zama hanyar abinci, sai kowa ya zama mai gadinsa. Yanzu sun haura 600.

Mu ma haka ya kamata. In za a hana su lokacin da kifi ke ƙwai, a zauna da Sarkin Ruwa da masunta tukuna. In za a hana sare itace, a ba mutane dashe da wata sana'a. Ku kuma yara, ku ajiye danƙon harbi, ku bar sheƙar tsuntsu da ƙwanta. Amana ce, kuma za a tambaye mu.

Allah Ya sa mu dace, amin.