Idan An Yi Wa Naku Aiki A Ciki

Maigida, da ke uwargida, ku saurara. Sau da yawa likita yakan gama aikinsa lafiya, a ɗinke ciki, a sallami mutum, sa'an nan ya dawo mana bayan mako guda da mugunya a miki. Yawanci ba wuƙar likita ce ta jawo ba, ƙwayoyin cuta ne.

Hanjin ɗan Adam cike yake da ƙwayoyin cuta, amma muddin suna cikin hanji ba su yin ɓarna. In hanji ya huje, ko ya ruɓe, sai su zube cikin ciki, fatar nan mai lulluɓe da kayan ciki ta kumbura. Zazzaɓin taifod yakan huda hanji, galibi a mako na 2 ko na 3. Ƙaba kuwa in ta shaƙe ta ƙi komawa, hanjin da ya maƙale yana iya mutuwa cikin 'yan sa'o'i. Saboda haka mai ciwon ciki mai tsanani, wanda cikinsa ya ƙandare kamar katako, yana amai, ba tusa ba bayan gida, kada a ba shi maganin wankin ciki, kada a kai shi wurin wanzami. Ku nemi mota, ko da tsakar dare ne.

In kuwa rana aka sa masa, to, ya yi wanka da sabulu tun daren. Kada ya aske wurin da reza a gida, gama reza tana barin ƙananan tsagu inda cuta ke shiga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ja kunne a kan wannan a 2016. Kada kuma a ji tausayinsa a ba shi kunu a ɓoye bayan an hana shi ci. Mai ciwon sukari ya faɗa tun da wuri, mai shan taba ya ajiye ta.

A gida ne aikinku yake. Duk mai taɓa bandeji ya wanke hannu da sabulu tukuna. Kada a barbaɗa toka, ko garin sassaƙe, ko hodar kafso. Na sha kwance tsumma in tarar da irin waɗannan, raina ya ɓaci, ko da yake na san ƙauna ce ta sa. A ba shi wake, da ƙwai, da kifi, da gyaɗa. Masu cewa ƙwai na sa mugunya, ba haka ba ne. Ya riƙa tashi yana 'yar tafiya a tsakar gida, amma noma da ɗaukar buhu sai bayan mako 6, ko yadda likita ya ce.

Ku duba mikin kullum, musamman daga kwana 3 zuwa 10. In ya yi ja, ya kumbura, yana zogi ko wari, ko zazzaɓi ya taso, ko ciki ya yi tsiri da amai, ku komo da shi ran nan. Wani lokaci a warware zare ɗaya ko biyu mugunya ta fita. In ta taru can ciki ne, sai an sa roba an zuƙe ta, ko a sake buɗewa, gama allura kaɗai ba ta isa. Ƙwayar da aka rubuta masa ya sha daidai adadin kwanakin, kada ya rage wa maƙwabci. Ku riƙo katinsa na asibiti in za ku zo.